Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Auna Muryar Ganguna da Na'ura a Ƙasar Guri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wata hanya da ta fara samun gindin zama a tsakanin ɗalibai da masu nazarin kiɗan Hausa, watau amfani da na'urar auna sauti domin gano matsayin muryar ganga. A da, sai a ɗakin bincike na jami'a ake samun irin wannan na'ura. Daga baya ta koma 'yar ƙarama mai shiga aljihu, yau kuwa manhaja ce wadda kowa ke iya saukewa a cikin wayarsa ta hannu. Ɗalibi yakan je wurin makaɗi, ya roƙe shi ya buga, ya kara waya a bakin ganga, ya kwafe harafin da ta nuna masa, sa'an nan ya rubuta a cikin kundinsa cewa kalangun wane yana kan harafi kaza. Da yake harafin daga na'ura ya fito, ba safai akan tuhume shi ba.

Nazarin waƙar baka a ƙasar Hausa ya daɗe yana ba da ƙarfi ga kalmomi. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗa da sassansu da muhallin da ake kaɗa su a cikin ƙamus ɗinsu na shekarar 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya nazarci matsayin mawaƙi a cikin al'umma ta hanyar Mamman Shata a kundinsa na 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Duk da wannan ƙoƙari, amon ganga shi kansa bai sami kulawa kamar yadda jigo da salo suka samu ba. Saboda haka muna murna da ganin matasa sun juya zuwa gare shi. Abin da muke tsoro shi ne a cika kundaye da haruffan da ba su bayyana kome ba, alhali tsofaffin makaɗan da ake aunawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka rubuta a kansu shi ne zai saura.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, na'ura shaida ce, ana sauraron ta, amma hukuncin cewa ganga ta yi daidai ko ba ta yi ba yana wurin makaɗi da masu sauraronsa. Za mu kafa hujjojinmu da abin da muka gani a ƙasar Guri.

2.0 Guri da Gangunanta

Guri ƙaramar hukuma ce a cikin masarautar Haɗeja, a arewa maso gabashin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. Tana maƙwabtaka da Jihar Yobe, tana kuma cikin fadamar nan ta Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja ke rarrabuwa zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana. Ko da yake madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Chalawa da aka gama a 1992 sun sauya tafiyar ruwan, har yanzu ambaliyar ƙarshen damina ita ce ke tsara rayuwar mutane: noman shinkafa, da su, da kiwo, da noman rani bayan ruwa ya janye. Hausawa da Mangawa da Badawa da Fulani suna zaune tare, suna cin kasuwa ɗaya.

Gangunan da ake ji a wannan yanki su ne waɗanda aka sani a sauran ƙasar Hausa. Akwai ganga mai baki biyu ta manoma da 'yan gayya, akwai kalangu na mahauta da 'yan dambe da gidajen biki, tare da 'yan rakiyarsa irin su kuntuku, sa'an nan a fada akwai tambari na sarauta. Abin da ya sa muka zaɓi Guri shi ne yanayinta. Wuri ne da iska ke cika da raɓa da laima a watannin Agusta da Satumba, sa'an nan ta bushe ƙayau da hunturu. Fatar ganga kuwa tana jin wannan sauyi fiye da yadda jikin mutum ke ji.

Akwai kuma wani dalili na biyu. Wasu ɗalibanmu biyu 'yan yankin sun ziyarci makaɗin kalangu ɗaya, wani dattijo, ɗaya ya je a hutun damina, ɗayan kuma da hunturu. Kowannensu ya dawo da harafi dabam. Maimakon su tuhumi hanyar da suka bi, sai suka yanke cewa kalangun ne ya lalace. Na biyun har ya faɗa wa dattijon, ya ce, "Baba, kalangun nan naka bai hau daidai ba." Dattijo bai yi musu ba. Ya matse kalangu a hammata ya kaɗa taken mahauta, nan take wani mahauci da ke can gefen kasuwa ya ɗago kai ya ɗaga masa hannu. Sai ya ce wa ɗalibin, "To, ɗana, shi dai ya ji. Ita abar hannunka wa take kira?" Wannan tambaya ita ce tushen takardar nan.

3.0 Asalin Na'ura da Aikin da Aka Ƙera Ta Dominsa

Kowane sauti girgiza ce ta iska. Idan girgizar ta yi yawa a cikin daƙiƙa ɗaya sai mu ji siririyar murya, idan ta yi kaɗan sai mu ji murya mai kauri. Ana kiran ma'aunin wannan girgiza da sunan masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Idan aka ninka yawan girgiza biyu, kunne yakan ji kamar sautin farko ne ya dawo a sama, kamar yadda yaro da babba kan rera waƙa ɗaya tare. Kiɗan Turai ya raba wannan tazara ta ninki zuwa matakai 12 masu faɗi ɗaya, ya sanya musu sunaye da haruffa daga A zuwa G. Tsakanin mataki da mai bi masa akwai ƙarin girgiza na kimanin kashi 6 cikin 100.

Wannan tsari yarjejeniya ce ta mutane, kuma tana da tarihi. A ƙarni na 18 da na 19 biranen Turai sun sha bamban a kan inda harafin A yake. Faransa ta kafa doka a 1859 cewa girgiza 435 ne a daƙiƙa. Wani taro da aka yi a Landan a 1939 ya amince da 440, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya kuma ta tabbatar da haka a 1955, ta sake jaddadawa a 1975. Ashe ke nan abin da na'ura ke kira daidai ko shekara 100 bai cika ba a wurin masu shi.

Kamfanin Conn na Amurka ya fito da na'urar Stroboconn a 1936, kamfanin Korg na Japan kuma ya fito da ƙaramar na'ura ta hannu a 1975. Manhajojin waya jikokinsu ne, kuma aikinsu ɗaya. Na'ura takan saurari sauti, ta nemi girgizar da ke maimaita kanta, ta ƙidaya, sa'an nan ta duba wane ne mafi kusa a cikin matakan nan 12, ta nuna harafinsa tare da allura mai karkata dama ko hagu. Watau ta ginu a kan zato guda uku: cewa sautin zai daɗe, cewa zai tsaya wuri ɗaya, kuma cewa akwai harafin da ya kamata ya sauka a kansa. Jita da fiyano da sarewar Turawa sun cika waɗannan sharuɗɗa. Za mu ga cewa kalangu bai cika ko ɗaya ba.

Ya kamata mu tuna cewa magabatan wannan fanni sun fi mu taka-tsantsan. Alexander Ellis, wanda a 1885 ya raba kowane mataki gida 100 domin auna kiɗan al'ummu dabam-dabam, ya kammala bincikensa ne da cewa tsarin sauti ba ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma da nata. Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin ajiyar kiɗan Afirka a Afirka ta Kudu a 1954, yakan auna kayan kiɗa ya rubuta yawan girgizarsu da lamba, ba tare da tilasta musu haruffan Turai ba. Kuma yawancin abin da ya auna kayan kiɗa ne masu tsayayyen sauti, irin katakan da mutanen Chopi na Mozambik ke jerawa su buga.

4.0 Inda Na'ura Ke Tuntuɓe

4.1 Bambancin Fata da Tsarkiya

Idan aka taɓa tsarkiyar garaya ko ta molo, ba sauti ɗaya ke fita ba. Akwai mafi kauri, wanda za mu kira uwar sauti, akwai kuma wasu sirara a bisansa, waɗanda za mu kira 'ya'yan sauti. A tsarkiya 'ya'yan suna bin uwarsu da tsari: idan uwa 100 ce, 'ya'ya su ne 200 da 300 da 400. Saboda wannan jituwa kunne ke haɗa su ya ji sauti ɗaya tak, na'ura ma ta sami maimaicin da take nema.

Fata mai kewaye ba haka take ba. Lissafin masana ya nuna cewa idan uwa 100 ce, 'ya'yan sukan faɗa wajen 159 da 214 da 230 da 265. Babu wanda ya ninka wani. Kango da iskar da ke cikinsa da fata ta biyu sukan ɗan gusar da waɗannan lambobi, amma rashin jituwar yana nan. Wanda ya bugi tsakiyar fata yakan tayar da uwa, wanda ya bugi gefe yakan tayar da 'ya'ya. Tazarar da ke tsakanin 100 da 159 kuwa ta kai matakai 8 daga cikin 12. Saboda haka ganga ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a cikin minti ɗaya, tana iya sa na'ura ta nuna haruffa biyu masu nisa da juna, gwargwadon inda makaɗi ya sauka da inda aka riƙe waya. Ɗalibi kuwa wanda ya fara gani shi yake kwafewa.

Bugu da ƙari, bugu mai ƙarfi yakan miƙar da fata na ɗan lokaci, sai sauti ya fara daga sama ya zame ƙasa kafin ya mutu, kuma duk wannan yakan faru ne cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Gangar da aka ɗaura wa zaga domin ta yi kurman amo tana ƙara wa na'ura ruɗani, domin abin da makaɗi ke ji a matsayin armashi, ita a wurinta hayaniya ce.

A nan akwai abin da ya cancanci nazari na musamman. Masanin nan na Indiya, C. V. Raman, wanda ya sami kyautar Nobel a 1930, ya nuna tun a 1920 cewa baƙin haɗin da makaɗan Indiya ke shafawa a tsakiyar fatar tabla da mridangam yana jawo 'ya'yan sauti su jitu da uwarsu, har ganga ta yi murya tsayayya kamar ta tsarkiya. Makaɗan kotso da taushi na ƙasar Hausa su ma suna liƙa wani haɗi mai danƙo a tsakiyar fata, wanda suke kira nake. Nauyin da aka ƙara a tsakiya yana saukar da murya, yana kuma tace ta. Ke nan masu kotso irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da masu taushi irin su Salihu Jankiɗi, sun gaji dabarar saita ganga wadda ilmin kimiyya ya yi bayanin irinta a wata ƙasa. Da ɗalibanmu za su auna kotso kafin a sa nake da bayan an sa, da sun kawo mana ilmin da ya fi harafi ɗaya amfani.

4.2 Kalangu Mai Magana Ne

Ko da an kawar da matsalar da ta gabata, akwai wadda ta fi ta girma. Kalangu ba shi da mazauni ɗaya. Kangonsa mai siririn ƙugu ne, igiyoyin fata sun haɗa bakunansa biyu, makaɗi kuma yana matse igiyoyin da hammata yana saki. In ya matse fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka. A lissafi, sai an ninka ɗaurin fata huɗu kafin girgiza ta ninka biyu, ƙarin ɗauri na kimanin kashi 12 cikin 100 kuwa ya isa ya ɗaga murya mataki ɗaya. Hannun gwani yana wannan aiki a kowane bugu, wani lokaci ma a tsakiyar bugu ɗaya. Tambayar wane harafi kalangu yake kai daidai take da tambayar wane harafi bakin mutum yake kai.

Dalilin wannan hawa da sauka shi ne harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai na sama, da na ƙasa, da faɗau. Kalmar wuya ta jikin mutum tana farawa sama ta sauka ƙasa, wuya ta wahala kuwa tana farawa ƙasa ta hau sama. Kuka na hawaye sama ne da sama, kuka ta itace kuwa sama ce da ƙasa. Idan makaɗi yana kaɗa take ko kirari, wannan kari yake bi, tare da tsawon gaɓa da gajartarta. Mai sauraro yana gane abin da aka faɗa ne domin ya san taken tun da, kuma ya ji tsarin hawa da saukarsa.

Abin lura shi ne karin sauti dangantaka ce tsakanin gaɓa da maƙwabciyarta. Tsoho mai kakkaurar murya da yarinya mai siririyar murya duk suna cewa wuya, kuma ba wanda ke ruɗewa, ko da yake saman tsohon bai kai ƙasan yarinyar ba. Har wa yau masana harshe sun tabbatar da cewa a cikin jimlar Hausa, sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya komawa inda na farko ya tsaya, yakan ɗan sauka, har ta kai a ƙarshen doguwar jimla sautin sama ya yi kusa da inda na ƙasa yake a farkonta. Wanda ya auna irin wannan jimla da na'ura gaɓa-gaɓa zai tara haruffa barkatai, alhali Bahaushe matsayi biyu kawai yake ji, da faɗuwa a tsakaninsu.

Maƙwabtanmu Yarbawa sun riga mu bin hanyar da ta dace. Akin Euba ya rubuta littafi a kan gangarsu ta dundun a 1990, kuma ita 'yar'uwar kalangu ce a ƙira. A 2021 Cecilia Durojaye da abokan aikinta suka buga sakamakon wani bincike inda suka ɗauki maganar Yarbanci da waƙa, suka ɗauki yadda makaɗa suka maimaita su da dundun, sa'an nan suka gwada biyun da kwamfuta. Sun tarar ganga na bin hawa da saukar magana sau da ƙafa, kuma wannan kusanci yana raguwa idan ana kiɗa ne zalla. Su ma na'ura suka yi amfani da ita. Bambancin shi ne tafiyar sauti suka auna, kuma da harshen masu ganga suka gwada ta.

Haka nan kalangu ba ya fita shi kaɗai. Babba yana magana, ƙarami yana amsawa, kuntuku yana riƙe da ƙafar kiɗa, mawaƙi da 'yan amshi suna bisa. Kafin a fara wasa makaɗa sukan ɗan taɓa gangunansu suna sauraron juna, wannan ya ƙara ɗauri, wancan ya rage, har muryoyin su rabu sarai kowace ta sami gurbinta. Duk wanda ya saurari faya-fayen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai ji wannan rabon aiki. Daidaiton da suke nema tsakaninsu yake, na'ura kuwa ganga ɗaya take saurare, ta gwada ta da wani ma'auni da ba ya wurin.

4.3 Damina da Hunturu

Fatar dabba tana shan laima. In ta sha sai ta saki, murya ta yi kauri ta dushe. In ta bushe sai ta ɗaure, murya ta yi kaifi, har takan kai ga fashewa idan aka matsa mata. Kowane makaɗi ya san wannan, shi ya sa ake shanya ganga a rana ko a kara ta kusa da wuta kafin wasa, shi ya sa kuma akan ɗan shafa mata ruwa idan ta ɗaure fiye da kima. A wuri irin Guri, inda ruwa ke kewaye ƙauyuka da damina, gangar da aka kaɗa da sassafe a bakin fadama ba za ta ba da lamba ɗaya da wadda aka kaɗa da azahar a watan Janairu ba, ko da ita ce ɗin dai. Ɗalibanmu biyu da muka ambata, abin da suka auna shi ne yanayin ranakun da suka je.

Turawa ma sun sha fama da wannan matsala a lokacin da suke rufe gangunansu da fatar maraƙi. Maganin da suka samo shi ne fatar roba, wadda kamfanin Remo na Amurka ya fara sayarwa a 1957. Gangar da aka rufe da roba, aka ɗaure ta da kusoshi masu juyawa, tana iya zama a inda aka ajiye ta kwana da kwanaki. Domin irinta ne aka ƙera na'urori na musamman kamar Tune-Bot, wadda ke taimaka wa mai ganga ya daidaita ɗaurin kowace kusa. A can na'urar tana aikinta sosai. Ɗauko ta a kara wa kalangun fatar akuya kuwa tamkar auna ƙyalle ne da mudu.

5.0 Hanyar da Muke Ganin Ta Dace

Kada a fahimce mu da cewa muna ƙyamar na'ura. Kunnen manazarci ma yana kuskure, musamman wanda ya saba da kiɗan fiyano, domin yakan jawo abin da ya ji zuwa ga abin da ya sani. Akwai kuma inda harafi ke da amfani, alal misali a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, idan aka gayyaci mai kalangu ya yi kiɗa tare da fiyano, dole ɗaya ya bi ɗaya. Sai dai wannan buƙatar ɗakin ɗaukar waƙa ce, bai kamata a mai da ita ma'aunin kiɗan kasuwa da na fagen dambe ba. Ga abin da muke ba da shawara:

(a) A bar makaɗi ya shirya gangarsa har ya ce ta yi, sa'an nan a auna. Awon da aka yi wa gangar da aka sauko da ita daga rataye ba shaida ba ne.

(b) A rubuta wuri da wata da lokaci da yanayin gari, da irin fatar da aka rufe gangar da ita, da inda aka buga a jikin fatar.

(c) A rubuta yawan girgiza da lamba, a bar haruffa. A maimaita awon sau da yawa, a kawo duk abin da aka samu, har da wanda bai yi wa mai bincike daɗi ba.

(d) Game da kalangu, a auna shi a sake, a auna shi a matse, domin tazarar da ke tsakanin biyun ita ce faɗin bakinsa. A auna kuma tazarar da ke tsakaninsa da 'yan rakiyarsa.

(e) A ɗauki take a faifai sau biyu, makaɗi ya faɗa da baki sa'an nan ya kaɗa, a gwada su da manhaja mai zana tafiyar sauti, irin su Praat da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, wadda kyauta ake samun ta.

(f) A rubuta kalmomin da makaɗi da kansa yake amfani da su wajen yabon murya ko kushe ta, da Hausa ne ko da Manganci ko da Badanci. Waɗannan kalmomi su ne ma'aunin da aka yi gangar a kansa, kuma sun fi gangar saurin ɓacewa.

Nauyin wannan gyara yana kanmu malamai. Mu ne muke karɓar kundi mu ga jadawali cike da haruffa mu ba da maki, domin jadawali yana da kwarjinin kimiyya. Idan muka ci gaba da haka, ɗalibin da muka yaye zai shiga aji a Guri ko Kirikasamma ko Birniwa ya koya wa 'ya'yan makaɗa cewa gangar gidansu a karkace take.

6.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa na'urar auna sauti an gina ta ne domin sauti mai daɗewa, mai tsayawa wuri ɗaya, mai neman ɗaya daga cikin matakai 12 na kiɗan Turai. Mun kawo dalilai uku da suka hana gangar Bahaushe shiga wannan ma'auni: 'ya'yan sautin fata ba su jitu da uwarsu ba, kalangu yana bin karin harshe ne wanda dangantaka ce tsakanin gaɓoɓi, sa'an nan fata tana sauyawa da yanayi, musamman a fadama irin ta Haɗeja. Mun kuma nuna cewa idan aka sauya tambayar da ake yi wa na'ura, tana iya buɗe mana fagen da nazarin waƙar baka bai taɓa shiga sosai ba, kamar aikin nake a jikin kotso da dangantakar take da magana.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a wajen labari. Amma kiɗa domin ji aka yi shi, saboda haka abin da ido ya gani a fuskar waya ba zai soke abin da mahauci ya ji daga gefen kasuwa ba. Muna fata wannan taro zai duba yiwuwar tsara ƙa'idoji na bai ɗaya domin auna kayan kiɗan gargajiya, tare da shawarar makaɗan kansu, tun suna raye. Muna kuma maraba da gyara daga malamanmu da suka riga mu shiga wannan fage.